Na yi sallama a gidan da babu kowa

Ina tsaye a ƙofar wani tsohon ɗakin katako, takalmina a hannu, na ce, "Salamu alaikum."

Abokina Alhaji Idi, mai shago a unguwar Port Richmond ta New York, ya fashe da dariya. "Malam Sani, masu gidan sun rasu tun kafin a haifi kakanka. Jira, yanzu za su kawo maka ruwa!"

Wani kwari ne tsakanin duwatsu, nesa da New York, inda aka adana gidajen Turawan da suka fara sare dajin suka zauna. Sau uku na karanta takardar bayanin wurin, har na ja layi ƙarƙashin dokokin, amma ba ta ambaci ladabin shiga gida ba. Sai na bi wanda na sani.

Dattijuwar da ke kula da wurin ta tambayi ma'anar abin da na faɗa. Da na bayyana mata, ta ce kakan mahaifinta ne ya gina ɗakin da hannunsa, kuma ita ke share shi kullum.

Sai na tuna da gida. Makon jiya na amince wa Yayana ya rushe soron mahaifinmu a ƙauye, ya gina shaguna.

Nan take na kira shi. "Yaya, don Allah a dakata. Na ɗauki nauyin yaɓe kowace shekara kafin damina."

"In ka saɓa sau ɗaya, zan kira magina," in ji shi.

Ba zan saɓa ba, in sha Allahu.

Ku fa, wa ke share ɗakin mahaifinku yau?