Warin da Kwamfuta Ba Ta Ji Ba

Shekara arba'in da ɗaya Mai Hanci ya yi yana gyaran mota, amma ba da sifana ya yi suna ba. Idan aka kawo mota, sai ya zura hannu a aljihu ya zagaya ta yana shinshina, ya ce, "Fanbel ne," ko "Mai ne ke ɗiga a kan salansa." A buɗe, a tarar haka ne. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce ga mutumin da ke jin ƙaurin motar da ke tsallaken titi, amma girki ya ƙone a gabansa yana ta hira.

Sai zamani ya juya masa baya. Motocin lantarki suka cika gari, ba inji, ba baƙin mai, ba hayaƙi, sai su zo bayanka shiru kamar mage. Autarsa, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa yake ce mata Uwata, ta je ta koyo gyaransu, ta dawo ta karɓi garejin. Ta share, ta shafa fenti, ta kawo kwamfuta. Shi kuma ta saya masa kujera mai laushi ta ajiye a bakin ƙofa, kuma babu abin da ya ci masa rai kamar kujerar nan. Gaskiyar da bai taɓa faɗa wa kowa ba ita ce tsoro yake ji. Ya ga manyan wayoyin da ke ƙarƙashin motocin, ya ji an ce taɓawa ɗaya ta isa, sai ya san linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Wata safiya ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Baba, daga ƙarshen wata ka zauna a gida ka huta. Ka yi mai wuyar."

Ya ce to. Me zai ce? Da ladabi aka sallame shi, kuma ladabin ne ya fi ciwo.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare, wata malamar makaranta ta shigo da farar motarta, hankalinta a tashe. Kwana uku ke nan tana jin warin roba na ƙonewa, kuma da motar take kai 'ya'yanta biyu makaranta. "Ni dai kar batir ya kama da wuta da yarana a ciki," in ji ta.

Uwata ta jona kwamfuta, kwamfuta ta ce lafiya ƙalau. Ta duba wurin caji, ta haska wayoyi da tocila, ko tabon ƙuna babu. Ta ce sai dai a bar motar kwana biyu, a sauke murfin batir.

Shi kuwa Mai Hanci tun shigowar motar hancinsa ya gama aiki, bakinsa ne ya yi nauyi. Ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Uwata, wannan ba warin waya ba ne."

"Baba, don Allah..."

"Waya in ta ƙone yaji take yi, tana kama maƙogwaro. Wannan da nauyi, kuma akwai ƙarfe mai zafi a cikinsa. Malama, ki ɗan zagaya layin nan sau uku ki dawo."

Da ta dawo ya tashi, ya tsaya nesa kaɗan da motar, ya dubi 'yarsa. "Nan wajen ba ya cizo?"

Dariya ta kusa ƙwace mata. "Taya ce, Baba. Irin wadda ka sani."

Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana kai bayan hannunsa kusa da ƙarfen ba tare da ya taɓa ba. Uku da sanyinsu. Ta baya ta hagu kuwa sai da ya janye hannu. Aka sa jak aka ɗaga, ya kama tayar zai juya, ta ƙi.

"Malama, yaya kike taka birki?"

"Ai ban cika takawa ba, Baba. Ina ɗaga ƙafa daga totur take rage gudu da kanta."

Uwata ta yi masa bayani cewa haka aka yi su, motar ce ke riƙe kanta tana mayar da wuta cikin batir. Mai Hanci ya jinjina kai. Ashe birkin zaman banza ya yi ta yi har tsatsa ta ci shi. Ran da aka taka shi da ƙarfi ya kama, bai sake saki ba, yana ta gogawa, zafi ya bi ya babbake 'yar robar da ke rufe shi.

Daga nan kuwa aiki ya zo gidan sauƙi. Ya kwance birkin, ya goge tsatsar, ya shafa giris, ya sa sabuwar roba, ya canja abin da ya cinye. Bai manta komai ba. Ya gaya wa malamar ta riƙa samun titin da ba kowa, ta taka birki sosai sau biyar ko shida duk mako. Ta tafi tana ta godiya.

Ya tsaya a bakin famfo yana wanke hannu a hankali. Ya ƙudura ba zai roƙi komai ba.

Uwata ta zo ta tsaya bayansa. "Da kwana biyu zan ɓata ina neman laifin batir, motar kuma ta koma da warinta."

Ta miƙo masa safar hannu ta roba mai kauri, irin wadda take sawa kafin ta taɓa manyan wayoyin. Ya gwada, yatsunsa suka ƙi shiga.

"Gobe zan samo daidai hannunka. Ni in nuna maka wayar da ke cizo da wadda ba ta yi, kai kuma ka koya mini wari."

"Hanci ba a koyonsa a wata ɗaya, Uwata."

"Na sani, Baba. Shi ya sa."

Daɗi ya kama shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya juya kamar mai neman tsumma, ya goge idonsa da gefen hannu, sannan ya ce ta faɗa wa mai jar motar can ya matso da ita ciki.