Ranar da Aka Ce wa Baba Wuta Na Zuwa

Baba ya baro ƙasar Hausa yana saurayi, a ƙafa, da niyyar Makka. A Jazira, cikin ƙasar Sudan, ya tsaya tsinkar auduga, wai ya haɗa guzuri. Guzurin nan bai taɓa haɗuwa ba. Ya yi aure, aka haife mu, muka dawo unguwar Umbadda kusa da Khartoum, ya ƙare yana lodin manyan motoci a kasuwar Suk al-Shabi. Kullum yana ɗaure kayan wasu masu tafiya Bur Sudan, bakin teku inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Makka, shi yana tsaye yana kallon ƙurarsu.

Da ya tsufa abin ya zame masa ciwo. Ya ce alkawari ya yi wa Allah bai cika ba, yana tsoron abin da zai tarar. Malamai sun sha gaya masa babu laifi a kan wanda bai samu iko ba. Sai ya gyaɗa kai kawai. Ni 'yarsa ce ta fari, na san gyaɗa kan Baba, bai yarda ba.

Sai ɓarin jikinsa ya shanye. Abin mamaki, ciwon ya tafi da Larabcinsa kaf, in ban da addu'o'in salla. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ciniki da direbobi, ka ce masa "moya" ya bi ka da ido, sai ka ce ruwa. Hausar ƙauyensu kaɗai ta rage masa, irin wadda mu kanmu sai mun kasa kunne.

Lokacin damina ne, kogi ya cika. Aka ce laka ta toshe injinan madatsar ruwa, aka ɗauke mana lantarki kwana da kwanaki. Mu nan kahraba muke ce masa, ko da Hausa muke magana. Ɗakin Baba ya zama tanda. Fanka na rataye a kansa ba ta motsi, ni da matar ƙanena muna karɓa-karɓa da mafici, gumi na bin wuyansa.

Muna da baƙo a lokacin, jikan yayan Baba, ya zo daga Kano karatu a Khartoum. Mutumin kirki ne, wallahi, sai dai rawar kai. Bayan azahar ya fita, ya tarar da ma'aikatan lantarki a kan turken bakin titi, ya dawo da sauri har yana tuntuɓe da buta. Ya durƙusa daidai kunnen Baba, yana murna.

"Baba, ka ƙara haƙuri. Wuta na nan zuwa. Ta riga ta kama layin baya, yanzun nan za ta iso kanka."

Ni ma sai da na ɗauka gobara ce kafin na gane lantarki yake nufi, haka suke cewa a can. Baba kuwa ya bar gida tun ba a ja waya ko ɗaya a ƙauyensu ba. A Hausarsa wuta biyu ce, ta murhu da ta lahira.

Idonsa ya buɗe yadda ban taɓa gani ba. Hannunsa mai lafiyar ya damƙi zanena. Na ture baƙon nan gefe, Allah ya sani na so in mare shi. Na ce wa Baba kahraba ce, kahraba. Bai san kalmar ba. Na ce lantarki, bai taɓa jin ta ba. Na nuna masa fanka, ya kalli sama ya ƙara firgita. Na ce fitila, na ce iska, na ce sanyi ne ke zuwa. Duk Hausar da nake taƙama da ita, na rasa kalma ɗaya da za ta kai masa.

Jikinsa ya rikice, aka kira liman, ya zo yana laƙƙana masa shahada, ya kuma karɓa, wannan rahamar na riƙe ta da hannu biyu. Amma tsakanin shahada da shahada, har la'asar da ya cika, fuskarsa na wajen ƙofa, yana roƙona da ƙaramar murya:

"Ki ce ta dakata. Ki ce mata ina hanya, ban fasa ba."