Baƙon da Yaya Ilyasu Ya Kasa Ciyarwa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Ilyasu makwancinsa, amma sai a bana na sauke wani nauyi da ya bar mini.

Yayana mai nutso ne, yana kankare gindin jiragen masunta a gaɓar Ruwais, a bakin Bahar Maliya. Wata rana ya shigo gida da bokiti, a ciki akwai wani dodon-koɗin teku marar katantanwa, tsawonsa kamar ɗan yatsa, jikinsa ratsi-ratsi, baƙi da fari da ruwan ɗorawa. Ya kawo ne don Inna, mahaifiyarmu, ta gani. A gidanmu kuwa ba a barin baƙo da yunwa. Inna ta marmasa masa burodi, matar Yaya ta kawo tsokar kifi, ni ma da karambanina na jefa shinkafa. Bai taɓa ko ɗaya ba, kwana uku ya mutu.

Daga baya wani tsohon masunci ya gaya wa Yaya cewa abin ba ya cin komai sai wani jan soso da ke manne da murjani. Yaya ya yi ta komawa inda ya ɗauko shi, bai ƙara ganin irinsa ba. Muna tsokanarsa, shi kuwa ya sa wa ransa cewa shi ya ƙarar da su. Yana kwance a asibiti ya roƙe ni in duba masa ko akwai sauransu a teku. Na ce to, alhali ko iyo ban iya ba. Wannan alkawari ya dame ni, musamman da gine-gine suka yi ta cin gaɓar. Da zai dawo yau, ko inda yake ajiye takalmansa ba zai gane ba.

Bara na gaya wa 'yarsa Ruƙayya, wadda ta gaji nutson, zancen alkawarin, ina jin kunya. Watan jiya ta same ni a unguwar Waziriyya ta miƙo mini waya da hoton irin dodon-koɗin nan.

"Ammi, shuf, duba nan, Baffa. Huɗu ne, a kan jan soson, wajen gaɓar Abhur. Halas, magana ta ƙare, Baba bai ƙarar da su ba."

Ta ce suna nan a faɗin Bahar Maliya har gaɓar Afirka ta gabas. Na zauna na yi ajiyar zuciya, na yi ƙwalla a gabanta.

Yaya bai bar gida ba, bai bar jirgi ba. Ya bar 'yar da ta gan su, ta ɗauki hoto, ta ƙyale su a inda suke. Allah ya jiƙanka, Yaya. An duba maka, suna nan, kuma suna cin abincinsu.