Mbuya Matongo da Tsohon Sojan da Ya Ƙi Shan Magani

Shekara goma sha tara Mbuya Matongo, wato Kaka Matongo, ta yi tana shiga gidajen da likita ya riga ya ce musu sai haƙuri. A nan unguwar Sakubva ta birnin Mutare, in ka ga ta doso layinku da shuɗiyar rigarta da jaka a hammata, ka san akwai wanda ya kwanta kwanciyar da ba tashi. Da can wanki take yi a wani asibitin mishan. Lokacin da cutar nan ta ƙanjamau ta share gari, mijinta ya cika a hannunta. Wasu mata 'yan sa-kai ne suka taya ta jinyarsa, da aka share makoki kuwa sai ta bi su. Babu albashi, sai sabulu da safar hannu da "Allah ya saka". Ita kuwa ba ta ɓoye abin da ke ranta, takan ce "Allah ya saka" bai taɓa gyara mata gwiwa ba.

Gwiwoyin nan kam sun gama aiki. Tana da shekara sittin da huɗu, kuma ta gaji, gajiyar da barci ba ya yi mata magani. Ta riga ta gaya wa nas ɗin da ke kula da su cewa daga wannan majinyacin ta ajiye rigar. Sai aka yi rashin sa'a, majinyacin ya zama Sekuru Mudzingwa, wato Dattijo Mudzingwa.

Tsohon sojan yaƙin 'yanci ne, ciwon daji ya ci shi har ƙashi. Nas ta kawo ruwan maganin kashe zafi a kwalba, cokali ɗaya duk bayan awa huɗu. Mutumin nan ya datse haƙora ya ce bai sha. 'Yarsa Vimbai, mai sayar da tumatir a kasuwa, ta yi lallashi ta yi kuka, ya yi kunnen uwar shegu da ita. In ciwon ya motsa sai ya ciji bargo, gumi na tsiyaya, har ƙarfen gadon na rawa.

"Haba Sekuru," in ji Mbuya Matongo tana goge masa baya, "kai da ka tari bindiga, cokali ne zai ba ka tsoro?"

"Ke tsohuwa, wanke ni ki yi gaba."

"Wace ce tsohuwa? Ji mini mutum, haƙori uku a baki yana kiran wani tsoho!"

Ya yi dariya, dariyar ta koma nishi. Ita fa ba ta tsoron mutuwa, ta saba da ita. Abin da ta tsana shi ne mutum ya tafi yana ihu alhali ga magani a kan tebur. Wannan ne ke ci mata rai, har takan koma gida ta kasa cin sadzarta, wato tuwon masara.

Sai a mako na biyu ya faɗa mata dalili. Maganin yana sa barci, ya ce, shi kuma akwai abin da yake riƙe da shi a ka, in ya yi barci zai zube. A daji lokacin yaƙi doka ce, ba mai faɗa wa ɗan'uwansa sunan yanka ko sunan gidansu. Kowa da sunan yaƙi, don in an kama ka an matsa maka, ba ka da wanda za ka tona. Abokinsa sunan yaƙinsa Tafirenyika. An harbe shi a ciki a shekarar 1978, Sekuru ya goya shi yini guda, ya mutu a bayansa, ya binne shi shi kaɗai a tsaunukan bakin iyaka. Duk duniya ba wanda ya san wurin sai shi. Abin da ya sani game da mamacin kuwa bai taka kara ya karya ba: uwarsa maginiyar tukwane ce, kusa da wata mishan a Buhera.

"Shekara arba'in kana ina?" ta tambaye shi, ranta a ɓace.

"Kullum cewa nake gobe. Da wane ido zan dubi uwarsa, na dawo shi bai dawo ba?"

Ta so ta zage shi, ta fasa. Washegari ta ja ƙafa zuwa ofishin tsofaffin sojoji. Ta yini a kan benci, da layi ya zo kanta magatakarda ya buɗe mata wani ƙaton littafi da ladabi, ya nuna mata masu suna Tafirenyika har goma sha ɗaya, ba ko ɗaya daga Buhera. Ranar Asabar ta hau mota zuwa Buhera, tana mita tun daga tasha: wai ita da ko hawa tudun kasuwa ba ta iya yi, ita ce za ta je neman dangin wanda ba shi da suna.

Bayan sujada ranar Lahadi, fada ya yi cigiya a cocin mishan ɗin. Mutum uku suka miƙe, mata biyu da namiji ɗaya, duk da furfura. Kowanne yana da yaya da ya tsallaka iyaka bai dawo ba. Kowanne kuma uwarsa maginiya ce, don a ƙauyen nan ba macen da ba ta ginin tukunya. Iyayen duk sun rasu. Mbuya Matongo ta riƙe baki, ƙarshe dai ta kwaso su duka ukun zuwa Mutare.

Suka durƙusa gaban gadon suka tafa hannu bisa al'adarsu suka gaishe shi. Sekuru ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana neman kama.

"Dogo ne?" in ji namijin.

"Yana da wushirya?" in ji ƙaramar cikin matan. "Namu yana da tabon ƙuna a ƙafa."

Ya runtse ido yana ƙoƙarin tunawa. Can ya ce, "Na manta fuskarsa. Na san nauyinsa a bayana, na san dutsen da na ɗora masa, amma fuskar ta tafi." Sai hawaye. Mbuya Matongo ta jingina da bango, ƙafafunta a kumbure, ta ce a ranta shi ke nan, wahalar banza, mutumin nan a cikin azaba zai tafi.

Babbarsu, wata 'yar siririyar tsohuwa mai suna Maidei, ta matso ta sake tafa hannu.

"Sekuru, faɗa mana wurin kawai. Mu uku ne, shekara arba'in ba mu da ko kabari ɗaya da za mu share. Za mu je tare mu ɗauko shi, mu kai shi gida a yi masa abin da ake yi wa ɗa. In ba nawa ba ne, ai na ɗayanmu ne. Wa ya sani, ko wani na can ya tsinci nawa."

Ya faɗa: sunan rafin, inda ya rabu biyu, itacen ɓaure ta hannun hagu, taku nawa zuwa dutsen. Namijin yana rubutawa a bayan takardar coci. Sekuru ya sa ya karanta masa sau biyu, ya gyara masa wuri ɗaya. Sannan ya juyo da kai da ƙyar.

"Mbuya, kawo abin nan naki."

Garin sauri, cokalin farko ya zube a kan bargo. Na biyu ya shiga. Ta zauna a ƙasa kusa da gadon ta miƙe ƙafa. Bayan kamar rabin awa ta ga yatsunsa sun saki bargon, goshinsa ya warware.

"Kai," ya ce a hankali, ido a lumshe, "ashe haka ake ji in ba ciwo."

"Mako uku ina faɗa maka, mai taurin kan tsiya," ta ce, sai ta ja bakin zaninta ta rufe fuska ta fashe da kuka.