Habboba da Hannun Gem

Shekarun baya, ina ɗalibi a birnin Madani, ciwon haɗa kiɗa a kwamfuta ya kama ni. Ba ni da organ, abin kiɗan nan mai jerin maɓallai, sai na gano ana iya jona hannun gem, irin wanda samari ke buga ƙwallo da shi a talabijin, a ɗora wa kowane maɓalli sautinsa. Na taho hutu ƙauyenmu kusa da Managil ina hura hanci kamar ni na ƙirƙiro abin, alhali kiɗan nawa ko awakin gidanmu ba sa ɗaga masa kai.

A hutun aka sa bikin ƙanwata. Kakarmu, wadda muke kira Habboba, ita ke kiɗan ƙwarya a bukukuwan danginmu, kuma duk jikokinta mata ita ta kaɗa musu. Sai ga shi sanyin ƙashi ya riƙe mata wuyan hannu, ko ludayi da ƙyar take ɗagawa. Mahaifiyata ta fara zancen ɗauko mai organ daga garin Hasahisa. Habboba ta daina fitowa shan jabana, gahawar da muke sha da hantsi, kuma kowa ya san dalili.

Wata rana ta tarar da ni a inuwa ina danne-dannen hannun gem ɗin.

"Kai angon banza, mi kaka latsa haka kamar mai kashe kwarkwata?"

Na miƙa mata don tsokana. Ta danna, ganga ta amsa, ta zabura har da salati. Ni kuwa idona na kan manyan yatsunta, domin lafiya lau suke motsi. Nan tambaya ta shiga kaina ta ƙi fita: in sautin ƙwaryarta ne a ciki fa?

Na roƙe ta ta daure ta bugi ƙwaryar sau ɗai-ɗai, tsakiya da gefe da baki, ina naɗa. Tana cije leɓe ta yi. Na raba sautukan a kan maɓallai na ba ta. Ta gwada kaɗan ta ajiye.

"Wanga abu sai ya yi shawara kahin ya amsa?"

Na rantse mata babu wani jinkiri. Da na rufe ido na saurara, sai na ji shi, ɗan mitsitsi. Na jona hannun da kwamfutar ta igiyar waya maimakon ta iska, na yi ta taɓe-taɓe a manhajar har ya ɓace. Washegari ta zo da sabuwa: "Ƙwarya tana raɗa, tana tsawa. Taka tsawa kaɗai ta iya, kai yaro." Sai na sa 'yar sandar nan ta hagu da ake murzawa ta riƙa rage ƙarfin sauti da ƙara shi. Wallahi ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba.

Ranar biki bayan la'asar ta kafa sharaɗi: a ƙarƙashin tob ɗinta, wato babban mayafin da take naɗawa, za ta ɓoye abin, kada mata su ce ta tsufa tana wasan yara. Na laɓe da kwamfuta a bayan gadon da ta zauna. Kiɗa ya tashi a lasifika, mata suka tsaya kallon-kallo, ga sauti ba ga ƙwarya ba. Can sai wata tsohuwar ƙawarta daga ƙauyen gaba ta faɗo gidan tana rangaɗa guɗa.

"Wa ya ce min hannunki ya mutu? Tun daga bakin tur'a, hanyar ruwan gonaki, na gane kiɗanki!"

Habboba ta yaye tob, ta ɗaga hannun gem sama tana ci gaba da dannawa, fili ya rikice da rawa. Ƙanwata tana rawa tana kuka.

Tuni Habboba ta rasu, Allah Ya jiƙanta, kuma har yanzu abin na ɗaure min kai. Sautukan na nan a wurina, ban canja komai ba, na kuma haddace yadda take jera su. Kwanaki na jona hannun gem na gwada salon da ta fi so. Ban yi nisa ba mahaifiyata ta leƙo daga madafa, ta tsaya jim tana saurare, sannan ta ce, "Halas, ɗana, bari hakanan. Ƙwaryarta ce, amma ba ita ba ce."