Baturiya da Lauje

A shekarun da kuɗin mai ya cika Landan da mutanenmu, ina shara a asibiti, ina koyon karatu ranar Asabar. A kasuwar Whitechapel na buɗe wani tsohon littafin hotuna marasa launi. Ga wata Baturiya, babbar mace, tsirara a gonar alkama, haske ya kwanta a kafaɗarta gwanin kyau. Amma ta riƙe lauje kamar cokali.

Na so in san ko manomiya ce. Kunya ta hana ni nuna wa malamarmu hoton, sai na kwafi rubutun ƙasansa harafi-harafi na kai mata.

Ta karanta ta ce, "Matar mai ɗaukar hoton ce. Lafiya?"

Na ce, "Haba, shi ya sa! Malama, yanka ɗaya za ta yi ta rasa yatsa."