Shekarar da Inji Ya Zo Gayya

Duk ƙarshen damina mutanen unguwarmu a Achika kan yi gayya su share hanyar da ta ratsa gonaki zuwa fadama. Kowa da addarsa, kafin azahar an gama, mata su aiko da tuwo.

Shekarar da kawuna ya sayo tsohon injin yankan ciyawa a kasuwar Wudil, gida-gida ya bi yana cewa kada kowa ya wahalar da kansa. Muka kuwa ji magana, babu wanda ya fito da adda. Ya rataya injin a kafaɗa yana hura hanci, ya ja igiya, ya yanke ciyawar da ba ta fi faɗin tabarma ba, injin ya yi tari ya mutu.

Nan fa kowa ya zama makanike. Wanda ko keke bai taɓa gyarawa ba ya rantse fulogi ne, liman ya ce an zuba wa man ruwa. Muna tsugune muna musu har tuwo ya iso.

Hanyar nan sai da rani awaki suka buɗe mana ita. Tuwon gayyar kuwa, ko loma ba mu rage ba.